Lanhon Nomau

A gwangwanin da kakata Tsahara ke ajiyar allura
na tarar da takardu uku, sun yi launin ƙasa,
kowace da hatimin bariki, kowace da suna guda.
Na ce, "Iya, wane ne Nomau?"
Ta ce, "Kakanka. Shekara uku ya biya lanho yana kushewa."

Shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi
ruwa ya tafi da rumbu, ya tafi da shi
yana kokawar kwance akuya.
Kusa da Tibiri aka tsince shi.
Liman ya sallace shi, gari ya shaida,
littafin kumandan kaɗai bai ji labari ba.

Da kaka ta yi, ga gardi da jar hula, bulala a hammata,
malami na biye, yana lasar yatsa yana juya shafi.
"Gidan Nomau, kai huɗu."
Ta ce, "Uku muke."
Ya ce, "Ke kin fi takarda sani?"

Wuri ba ya biya, gero ba ya biya,
sai dala mai hoton matar da ba ta san ɗanɗanon gulbi ba.
Ta matse gujiya har kafaɗa ta mutu,
ta sai da tasa, ta sai da turmi,
ta sai da akuyar nan da ta tsira.
Maƙwabta na sulalewa da dare ta Ɗan Isa zuwa Jibiya,
su bar murhu da sauran ɗumi.
Ita ta ce ba ta barin kabari a hannun mai bin sa bashi.

A ta huɗu ba ta matse komi ba.
Ta ɗauki ƙwarya, ta je makabarta, ta ɗebo ƙasa.
Hurera matar maƙeri ta gani, ta jawo tata,
ita ma tana biya wa ɗan da aikin hanya ya cinye.
Kafin su hau tudun bariki sun kai goma sha bakwai,
ba ganga, ba guɗa.
Suka jera ƙorai a gindin matakala.
Tsahara ta dubi tafinta:
"Cifkau, faɗa masa yadda na faɗa, kar ka sa zuma.
Ga mutanensa mun kawo. Ya karɓa a hannunsu."

Cifkau ya haɗiyi yawu, ya faɗi wani abu gajere.
Har yau ba ta san me ya ce ba.
Kwana tara ta yi a kaso tana ɗebo wa dokin kumandan ruwa.
Daga nan suka daina karɓa,
amma ba su goge ba.

Can aka zo da ƙuri'a, ga raƙumi ga giwa,
kowa na rantsuwa shi zai sauke wa talaka kaya.
Ta jefa tata, ba ta gaya wa kowa inda ta faɗa ba.
Ranar da aka sauke tutarsu, tsakiyar damina,
tana bakin taro da tulun mai a ka.
Aka ce, "Tsahara, an samu ƴanci!"
Ta ce, "Madalla. To, wa ya riƙe littafin?"

Da kaka ta yi, sai ga malami,
ɗan Arzika mai gyaran keke, yaron da ta goya.
Littafin nan dai ne, an sake masa bango.
Ta shimfiɗa masa tabarma, ta ba shi fura,
ta ce, "Buɗe, nemo mini Nomau."
Yana nan da ransa, a shafi na tara.
Ta ce, "Miƙo alƙalamin."
Hannun da bai taɓa rubutu ba
ya ja layi guda, karkatacce,
har takarda ta huje.
Yaron ya buɗe baki, ya rufe, ya ƙarasa furarsa.

"Ran nan," in ji ta, "na fita takaba."
Ta ninke takardun, ta mai da su gwangwani,
ta miƙo mini allura:
"Zura mini zare, ido ya tafi."